Kafin Ƙafa Ta Shiga Likkafa

Duk wanda ya saba bi ta Sharaɗa da la'asar sakaliya a goman ƙarshe na watan azumi, daidai lokacin da masu aikin safe ke fitowa daga ƙofofin masana'antu suna kakkaɓe ƙurar aiki daga tufafinsu, ba zai rasa ganin samari biyu ko uku a bisa dawaki ba, suna ratsa tsakanin tireloli da A Daidaita Sahu, suna kilisa domin doki ya saki jiki kafin ranar hawa. Kuma da mutum zai tsayar da su, ya tambaye su cikin ladabi ko dokin wane ne wannan, da ya tarar da yawansu ba su ne suka kafa masa turke ba. Wani na baffansa ne aka ara masa, wani haya ya ɗauko, wani kuwa su uku ne ko huɗu suka haɗa albashinsu suka saya, kowa da kasonsa. To, ya ku ƙannena da 'ya'yana, a kan wannan mu'amala nake so in yi muku magana, domin na ga ta kashe dawaki masu kyau, na ga ta raba aminan da ko gardamar kuɗi ba ta raba su ba, kuma ni kaina ina da tabo a cikinta wanda bai gushe ba.

Ban zo in hana ku son doki ba, wannan kuwa ko na so ba zan iya ba, tun da yake yaron da aka haifa a garin da ake hawan Idi daga Ƙofar Mata, a wayi gari a yi hawan Daushe a kai gaisuwa Babban Ɗaki, a sake kwana a yi na Nassarawa, sannan a rufe da Ɗorayi ko Fanisau, ba a raba shi da sha'awar sirdi sai dai a raba shi da idonsa. Al'ada ce da masu tarihi ke kaiwa har zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Amma fa son doki daban, riƙon doki daban. Dabba ce mai cin dawa safe da yamma, mai neman dusa da harawa da ingirici da ɗan kanwa, mai shan ruwan da ya kan kai bokiti biyu ko uku a yinin bazara, mai bukatar a share mata barga, a wanke ta, a tsefe ta, a fita da ita ta motsa jini, ranar da ka ga dama da ranar da ba ka gani ba. Kuma ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata a Bompai ko Challawa, da kuɗin haya a kansa da na makarantar ƙannensa, ya san cewa wannan ɗawainiya ta fi ƙarfin aljihunsa shi kaɗai. Daga nan aro ya samo asali, da haya, da tarayya. Babu kuwa aibi a cikin ko ɗaya, domin ya tabbata a hadisi ingantacce cewa wata rana da aka ji firgici a Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ari dokin Abu Ɗalha ya hau ya dubo, ya dawo yana yabon gudunsa. Abin da Annabi ya ara, ba wanda zai ce aronsa ƙasƙanci ne.

Aibin yana cikin shirun da ake yi a lokacin da ya kamata a yi magana. Mu Hausawa Allah ya yi mu da kunya, kuma kunya ado ce a wurare da yawa. Amma na lura da cewa a ranar da saurayi ya durƙusa gaban mai doki ya ce, "Baba, a taimaka mini da shi in yi hawan Sallah," kunyar nan takan ɗaure bakin su biyun gaba ɗaya, shi mai doki yana jin nauyin ya ce kada ka wuce wuri kaza, kada ka yi sukuwa a kan kwalta, kada ka ba kowa, don kada a ce ya yi rowa ko ya yi gori, shi kuma mai aro yana jin nauyin ya tambaya ko dokin yana da tutsu, ko nawa yake ci, ko wane ne zai sayi abincinsa, don kada a ce bai iya doki ba. Sai a rabu da "ba komai" da "Allah ya kiyaye hanya", alhali kuwa kowannensu ya tafi da wata yarjejeniya a zuciyarsa wadda ɗan'uwansa bai ji ba. Ranar da abu ya ɓaci, a ranar ne za a fito da yarjejeniyoyin nan biyu a ɗora su a faifai, a ga ashe ko kama ba su yi ba.

Bari in ba ku nawa labarin. A shekarun da nake aiki a gaban injin saƙa a wata masaƙa ta Bompai, tun kafin tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da ƙarancin wutar lantarki da kwararar atamfar waje su bi masaƙun Kano suna rufe su ɗaya bayan ɗaya, mu uku ne muka yi adashi na kusan shekara biyu, muka ba wani dillali ya kawo mana doki daga kasuwar Maigatari. Kili ne, mai faɗin ƙirji, mai sanyin hali, wanda in ka yi masa magana sai ya juyo da kunne kamar mai sauraron karatu. Muka ɗaure shi a Dakata, a gidan babbanmu, domin shi ne mai fili a zaure na biyu, kuma daga nan dusar alkama ba ta da nisa, tun da kamfanin fulawa yana nan cikin Bompai. Ba mu rubuta komai ba, ba mu kira shaida ba, ba mu ma zauna mun ce wane ne da safe wane ne da yamma ba, saboda a ganinmu a lokacin, wanda kuke cin tuwo a kwano ɗaya da shi, kuke karɓar juna a bakin inji idan barci ya ɗauki ɗaya a aikin dare, kawo masa zancen sharaɗi cin fuska ne.

Watanni shida na farko lafiya lau. Daga nan sai aikin karɓa-karɓa ya fara nuna halinsa: wannan yana aikin dare ya dawo a gajiye ya kwanta, yana zaton wancan ya shayar, wancan ya fita da asuba yana zaton na ukun zai biyo, ni kuma in zo da yamma in tarar da bokiti a bushe, in cika, in yi shiru. Na taɓa ɗaga jalala na ga wani ɗan miki a gadon bayansa, inda sirdi ya goge shi, na san kuma wanda ya hau shi jiya, na san bai gyara majayi daidai ba, amma na shafa masa man shanu na mayar da jalala, ban ce uffan ba. Wannan shirun nawa yana cikin abin da nake neman gafarar Allah a kansa har yau, domin da na yi magana a kan miki mai faɗin kwabo, la'alla da mun zauna mun tsara al'amarinmu tun kafin babbar ta zo.

Babbar kuwa ta zo ne ta hanyar biki. Ƙanen matar babbanmu yana da aboki da zai yi aure a wajen Panshekara, aka shirya hawan angwanci, yaron ya zo ya roƙi mijin yayarsa, shi kuma, da yake suruki ba a yi masa musu a gaban mata, ya kwance ragama ya miƙa masa ba tare da ya shaida mana ba. Wanda ya san Kano ya san abin da ke tsakanin Dakata da Panshekara: daga wannan gefen gari ne zuwa wancan, kuma kusan dukkan hanyar kwalta ce, dokinmu kuwa, kamar yawancin dawakin ƙasar nan, ba takalmin ƙarfe a kofatonsa. Daga baya muka ji yadda yinin ya kasance: an yi tsere da shi a miƙaƙƙen titin da ya ratsa masana'antun Challawa, an yi zamiya, an yi goyo a kansa mutum biyu, ya wuce daga hannun wannan zuwa hannun wancan har yaron da aka ba shi bai san adadin waɗanda suka hau ba, da ƙishirwa ta kai masa ko'ina, sai ya tsoma baki a wani kwatami da ke bin bayan majemu, ba wanda ya ja linzami. Aka dawo da shi bayan isha'i jiƙe da gumi, yaron, cikin tsoron abin da ya aikata da son ya rufe laifinsa, ya cika masa kwarya da dawa fiye da abin da yake ci a yini biyu, ya ɗaure shi, ya sulale.

A nan ya kamata in tsaya in gaya muku abin da ban sani ba a lokacin, wanda likitan dabbobi ya fahimtar da mu bayan aikin gama ya gama. Doki, duk da girman jikinsa, tumbinsa ƙarami ne, an halicce shi ne ya ci kaɗan-kaɗan yini guda, kuma Allah bai ba shi ikon yin amai ba. Saboda haka duk abin da ya shiga cikinsa, mai kyau ko mugu, ba shi da hanyar komowa, kuma hatsi mai yawa a lokaci ɗaya, musamman ga dokin da ya gaji jikinsa ya yi zafi, yakan kumbura masa ciki ko ya sauka a kofatonsa ya gurgunta shi. Ruwan da ke fita daga majemun Challawa da Sharaɗa kuwa, wanda ke gangarawa kogin Challawa da rafin Salanta, kamar yadda na Bompai ke bin rafin Getsi, ruwa ne mai ɗauke da sinadaran jima, har da wanda ake kira kuromiyam, bai dace da cikin kowace dabba ba. Ga kuma guntayen ƙarfe da ƙusoshi da ke warwatse a gefen titunan masana'antu, alhali doki yana cikin dabbobin da suka fi saurin kamuwa da ciwon nan mai sandarar da jiki ya ɗaure muƙamuƙi, wanda likitoci ke kira tetanus, kuma ƙusa ɗaya a tafin kofato ta isa ta jawo shi. Ga ledojin da iska ke tarawa a jikin katanga, waɗanda doki mai yunwa zai haɗiya tare da ciyawa. Mai doki ya san waɗannan abubuwa domin ya biya kuɗin saninsu. Mai aro na yini ɗaya bai sani ba, kuma ba zai sani ba sai an gaya masa. Kilinmu ya kwana yana birgima yana dukan cikinsa da ƙafa, kafin hantsi ya cika.

Bayan kwana uku, da maganganu suka fara kaifi har aka fara ambaton iyaye, sai muka ɗunguma zuwa wurin wani malami a cikin birni wanda muke ɗaukar karatun Risala a zaurensa ranar Lahadi. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya dubi babbanmu ya ce, "Da ka ba da shi, ka nemi izinin 'yan'uwanka?" Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ban nema ba." Ya ce, "Ka faɗa wa yaron inda zai tsaya, da wanda zai hau?" Ya ce, "Ban faɗa ba." Sai ya juyo gare mu ya ce, "Ku kuma, ranar da kuka saya, kun hana a ara wa wani?" Muka sunkuyar da kai. Abin da ya karantar da mu a wannan zama shi ne nake so ku riƙe, domin fuƙaha'un mazhabar Imamu Malik, tun daga Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani mai Risala har zuwa Shehu Halilu mai Muhtasar, sun yi wa mas'alar aron dabba filla-filla, kamar sun san za a yi samarin Kano.

Sun raba abin aro gida biyu: akwai abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufafi da kayan ado da makami, wannan idan ya salwanta a hannun mai aro lamuninsa yana kansa, sai fa in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne, akwai kuma abin da ba a iya ɓoyewa, kamar dabba da gida, wannan babu lamuni a kan mai aro idan ya halaka, sai in ya yi ta'addi ko sakaci, ko ƙaryarsa ta bayyana. Ku duba abin mamaki: sirdi da linzami da likkafa da jalala, idan suka ɓata a hannunka za ka biya, amma dokin da ya ninka su daraja, in ya faɗi ya mutu ƙarƙashinka ba tare da ka ƙetare iyaka ba, ba a bin ka ko anini, har ma da mai doki zai gindaya maka cewa in ya mutu ka biya, wannan sharaɗin ba ya ɗaure ka a mashhurin zance. To, tun da lamuni ya rataya ne a kan ƙetare iyaka, ina hukunci zai kama idan tun farko ba a shata iyakar ba? Sai dai a koma ga al'adar gari, al'ada kuwa kowa yana ja ta gefensa ranar husuma. Shi ya sa abin da shari'a ta bar wa mai doki ya kare kansa da shi shi ne bakinsa: ya faɗi nisa, ya faɗi lokaci, ya faɗi irin hawan, ya faɗi mahayi. Idan ya faɗa aka saɓa, aka wuce wurin da aka ambata, ko aka ɗora goyon da zai iya halaka dabba ta kuwa halaka, to yana da zaɓi tsakanin ƙimar dokinsa da kuɗin hayar abin da aka ƙara. Malam ya ƙara mana da cewa a mazhabarmu mai aro yana iya ara wa wani muddin mai abu bai hana ba, don haka kalmar nan guda, "kada ka ba kowa", wadda muke jin nauyin furtawa, ita ce ƙofar da in ba a rufe ta ba doki zai zaga hannu goma. Hatta abincin dabbar aro, ko a kan mai ita yake ko a kan mai aro, malamai sun yi zance biyu a kai, wanda ke nuna muku cewa abu ne da ku za ku yanke tsakaninku tun doki yana turke. Game da tarayya kuwa, ya ce abokin tarayya ba shi da ikon ba da kason ɗan'uwansa ba tare da izininsa ba, kuma fiƙihu ya san rabon amfani da kwanaki, wanda ake kira muhaya'a, wato a ce wannan makon naka, mai zuwa nawa, a san mai hawa a san mai ciyarwa. Da mun yi haka, da bokitin nan bai bushe ba.

Hukuncin ya fito a fili: babbanmu ne zai biya mu kasonmu, shi kuma ya bi surukinsa. Malam ya roƙe mu da mu yi sulhu, muka ce mun yafe, amma yafewar baki ce, domin tun daga ranar ba mu sake cin abinci a kwano ɗaya ba, aka koma gaisuwar "ina kwana" daga nesa, matarsa kuma ta shiga tsaka mai wuya tsakanin mijinta da ƙanenta har abin ya kusa taɓa aurensu.

Kada kuwa masu dawaki su ji wannan su ce ai daman laifin yara ne, domin na ga zaluncin da ke gangarowa daga sama, kuma ya fi ciwo saboda wanda aka yi wa ba shi da bakin kai ƙara. Akwai mai hali da zai dubi saurayi mai son doki, ma'aikacin kamfanin roba ko na jima, ya ce masa, "Ga shi nan, ka riƙe kamar naka, ka kula da shi ka riƙa hawa". Yaron nan ya ɗauki rabin albashinsa yana sayen dusa da harawa, ya tashi kafin assalatu ya kwashe kashi, ya hana kansa sabon ɗinki, ya yi wata goma sha ɗaya yana gyaran dabbar da aka ba shi ƙashi da fata har ta murje tana sheƙi, duk don rana ɗaya, ranar da zai bi tawagar hakimin unguwarsu ya wuce ta Ƙofar Kudu abokansa suna kallo. Sai ana jajibiri a aiko a ce Alhaji ya ce a kawo doki, ɗansa ya dawo daga makaranta zai hau, ko kuma a ce an sami mai saye da daraja an sayar. Wallahi na ga saurayi mai gemu yana kuka a bakin barga saboda irin wannan. Ku sani, ya ku masu dawaki, aron da aka ɗaure shi da lokaci ko da wani aiki sananne, a mazhabarmu lazimi ne har lokacin ya cika ko aikin ya ƙare, ba a fizge shi tsakiyar hanya. Wanda kuwa bai ambaci lokaci ba don ya bar wa kansa ƙofar fizgewa, alhali ya san abin da yaron ke buri, to ya ci guminsa da dabara, kuma akwai ranar da dabara ba ta amfani. Haka nan wanda ya san dokinsa yana harbi, ko yana firgita da ƙarar babbar mota, ko yana ɗauke da tsohon ɗingishi, ya yi shiru ya miƙa ragama, sannan da abin ya bayyana ya ce a hannunka ya faru. Da mai hayar da zai ba da doki ɗaya ga mahayi uku a yinin Sallah, na safe da na azahar da na yamma, ba hutu ba sassauta majayi, domin kuɗin kwana huɗu ya fi masa ran dabbar.

Akwai kuma mutanen hanya, waɗanda ba su ara ba ba su ba da aro ba. Risala ta bayyana cewa mahayi da mai jan dabba da mai kora ta su ne da lamunin abin da ta taka. Saboda haka tsohuwar da aka banke a bakin titi ranar kilisa, da yaron makarantar allo da kofato ya samu, da gilashin motar da aka fasa, hakkinsu yana wuyan wanda ke kan sirdi, ba ya cewa ai dokin ba nawa ba ne. Yawan irin wannan ɓarna ne ya sa hukuma a Kano ta sha hana kilisa da hawan angwanci a cikin gari, kuma duk lokacin da aka hana, har da masu hankali abin ke shafa.

To me nake so ku yi? Ba wani abu mai wuya ba. Ranar da za ka karɓi doki, ka zo da rana ido na ganin ido, ka nemi mai shi ko yaron bargarsa ya tsaya, ku ɗaga jalala ku duba baya, ku ɗaga kofato huɗun, ku duba gefen baki inda linzami ke ci, ku ja shi ya yi taku a gabanku. Ka tambayi mudun da yake ci da lokacin da yake sha, ka kuma karɓi abincinsa daga bargarsa ko da za ka biya, domin sauyin abinci farat ɗaya ma cuta ne. Sannan ka cire wa dattijo nauyin da ya ɗaure masa baki, ka ce, "Baba, ina ne iyakata, kuma yaushe zan dawo da shi?" A yi wannan a gaban mutum biyu, in kuwa tarayya ce ko riƙo na watanni, a rubuta, ko da a bayan takardar albashi ne, ko a aika wa juna a waya inda zai zauna. Na ji wasu suna cewa rubutu tsakanin 'yan'uwa aikin Turawa ne, domin a Ingila masu ba da aron doki na watanni sukan rubuta takardar yarjejeniya da ta ambaci abinci da magani da ranar dawowa; amma aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wadda ke ƙarshe-ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga sahabbai aka saukar da ita, waɗanda amanarsu ta fi tamu nesa ba kusa ba. Idan kuwa wani abu ya faru a hanya, ya zame ne, ya sha abin da bai kamata ba, ka ji takunsa ya sauya, to ka faɗa tun kafin ka sauke sirdi, ka faɗa ko da za a zage ka, domin awa biyun da za ka ɓata kana tsoro su ne awa biyun da likitan dabbobi yake bukata. Doki amana ce mai rai wadda ba ta da harshen da za ta kai ƙararka a duniya, kuma wanda ya san za a tambaye shi a kan kyanwar da aka kulle, ya san ba za a manta da dokin da aka kwana ana jin nishinsa ba.

Na ce nishi ne da gangan. Bayan shekara goma sha ɗaya, masaƙarmu ta daɗe da rufewa, ciyawa ta cinye harabarta, kowa ya kama wata sana'ar, sai aka aiko mini cewa babbanmu ba shi da lafiya yana son ganina. Na tafi Dakata na same shi a kwance a zauren nan na biyu, kusa da inda turken yake a da. Bayan mun gaisa ya sa ɗansa ya ɗauko wani ƙunshi daga ƙarƙashin matashi, kuɗi ne a cikin tsohon ambulan, tare da linzamin kilinmu da ya yi tsatsa. Na ce, "Yaya, ai na yafe tun a gaban Malam." Ya ce ya sani, ba don wannan ya kira ni ba, ya ce a daren nan ya ji dokin yana bugun ƙasa tun wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ya farka, ya zauna a bakin gado, ya san in ya fita ya gani dole ya zo ya buga mana ƙofa ya faɗi abin da ya yi, sai ya koma ya kwanta yana cewa da safe zai warware. Ya ce bai taɓa gaya wa kowa ba, ko matarsa. Muka yi shiru mai tsawo, ana kiran sallar la'asar a masallacin unguwa. Na mayar masa da ambulan ƙarƙashin matashi, na ɗauki linzamin, na taimaka masa ya yi taimama, na ja mu salla a nan inda yake kwance.